Me Ya Sa Ɗan Adam Ba Ya Rabuwa Da Bauta?

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in yi ɗan bayani a kan wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Me ya sa duk inda aka sami jama'a a duniya, ko a tsibiri ne ko a tsakiyar hamada, sai a tarar suna da abin da suke bauta wa?

Wannan abu ya daɗe ƙwarai. A kogon Ƙafza da ke kusa da birnin Nazarat, masu tonon kayan tarihi sun sami kaburbura na kusan shekara 100,000 da suka wuce, har da na wani yaro da aka ɗora wa ƙahon barewa a ƙirji. Masana da yawa na ganin wanda ya yi wa gawa irin wannan hidima yana zaton mutuwa ba ita ce ƙarshe ba.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Tylor ya rubuta a 1871 cewa mafarki da mutuwa su ne suka fara sa mutanen dā tunanin kurwa. Mutum ya ga kakansa da ya rasu cikin barci, sai ya ce lalle akwai abin da ke rayuwa bayan jiki. Wani kuma, Malinowski, ya zauna da masuntan tsibiran Trobriand kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918. Ya lura cewa in za su yi su a ruwan gaɓa marar haɗari, ba ruwansu da tsafi. Amma in za su shiga tsakiyar teku, inda guguwa ke kifar da jirgi, sai sun yi surkulle iri iri. Watau inda dabarar mutum ta ƙare, nan yake neman abin da zai kwantar masa da hankali.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ke zaune a Dutsen Dala yana kula da tsafin Tsumburbura. Mutane kan taru daga ko'ina da baƙaƙen awaki da karnuka da kaji, shi kaɗai zai shiga wurin tsafin, sa'an nan ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara, alheri ko sharri. To, mene ne manomi ke son ji in ba labarin damina da fari da annoba da yaƙi ba? Sarki Tsamiya ne ya rushe wurin, daga baya kuma Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385.

A nan sai a yi hattara. Waɗansu sun ɗauki irin wannan bayani sun ce ashe tsoro ne ya ƙago addini. Ni dai ban yarda ba. Ƙishirwa ita ke kai mutum rijiya, amma ba ita ta halicci ruwa ba. Mu Musulmi, haka ma 'yan'uwanmu Kirista, mun gaskata cewa Allah ne Ya sanar da mutum Kansa tun daga Annabi Adamu, Ya kuma yi ta aiko da annabawa. Abin da masanan nan suka iya aunawa shi ne halin mutum da al'adunsa, kuma sun nuna cewa zuciya ba ta zama babu madogara. Sai dai mai tsananin ƙishirwa yakan sha ruwan kududdufi in bai sami na rijiya ba.

Wannan shi ne darasin da ya shafe mu. Tekunmu mu 'yan makaranta ita ce jarrabawa. Da zarar ta matso, sai ka ji ana raɗe-raɗin alƙalamin sa'a, da layar da ke rufe idon mai gadin jarrabawa, da turaren buɗe ƙwaƙwalwa. Wani uban ma yakan sayar da akuya ya kai wa boka kuɗin, alhali ɗansa ba shi da littafin lissafi. Bokan nan fa bai san tambaya ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne muna jin tsoro, kuma da tsoron nan yake cin abinci.

Jin tsoron gobe ba abin kunya ba ne, haka aka halicce mu. Abin lura shi ne inda za mu kai tsoron. Hausawa sun ce, Allah Ya ce tashi in taimake ka. Saboda haka mu ɗalibai mu duƙufa ga karatu tun daga farkon zango, mu tsare ibada, mu bar wa Allah sauran. Iyaye kuma, don Allah, ku taimake mu da littattafai da addu'a da kyakkyawar magana, domin kalmar uwa ko uba ta fi kowace laya sanyaya zuciyar yaro.

Allah Ya ba mu natsuwa da ilmi mai amfani, amin.