Abin Da Thatcher Ta Bar Wa Tattalin Arzikin Birtaniya

Lokacin da Uwargida Margaret Thatcher ta zama Firayim Ministar Birtaniya a 1979, yajin aiki da hauhawar farashin kaya sun addabi ƙasar. Maganin da ta zaɓa shi ne ƙara kuɗin ruwa da tsuke bakin aljihun gwamnati. Hauhawar farashi, wadda ta kusa kashi 22 cikin ɗari a 1980, ta sauko ƙasa da kashi 5 a 1983. Sai dai masana'antu da dama sun durƙushe, marasa aikin yi kuma suka haura miliyan 3 a 1982.

Karawar da ta fi zafi ita ce da mahaƙa kwal. A watan Maris na 1984 ƙungiyarsu, ƙarƙashin Arthur Scargill, ta shiga yajin aiki kan shirin rufe mahaƙai 20. Gwamnati kuwa ta riga ta tara kwal a tashoshin lantarki, saboda haka wuta ba ta ɗauke ba. Bayan shekara guda ma'aikatan suka koma aiki hannu rabbana. Garuruwansu a arewacin Ingila da kudancin Wales sun daɗe ba su farfaɗo ba, har wasu suka yi murnar rasuwarta a 2013.

Magoya bayanta suna kafa hujja da sayar da kamfanonin gwamnati irin su British Telecom a 1984, da dokar da ta wajabta ƙuri'ar asiri kafin yajin aiki. Jam'iyyar Leba, da ta yi ta sukar dokar, ba ta soke ta ba da ta karɓi mulki a 1997.