Yadda Ake Haɗa Teburin Uwa Da Na 'Ya'ya A Microsoft Access

Mai shagon da ke ba da kaya bashi yana buƙatar manhajar da za ta nuna masa wanda ya karɓa, da ranar, da abin da ya karɓa. Idan aka zuba komai a teburi ɗaya, sunan kwastoma zai yi ta maimaituwa, ranar da aka kuskure harafi ɗaya kuwa sai bashinsa ya rabu gida biyu. Maganin hakan shi ne a jera bayanan hawa-hawa.

Wannan dabara ta daɗe. Tun a 1968 manhajar IMS ta kamfanin IBM ta fara aiki da ita wajen lissafin kayan shirin Apollo na Amurka, inda kowane bayani na ƙasa ke da uwa ɗaya tak. Access kuma da lambobi yake ƙulla alaƙar.

A shago, hawa uku sun isa: Kwastoma a sama, Rasit a tsakiya, KayanRasit a ƙasa. Kwastoma ɗaya na iya samun rasit da yawa, amma kowane rasit na mutum ɗaya ne.

Matakan su ne:

1. A ba teburin Kwastoma gurbin LambarKwastoma, nau'in AutoNumber, a mai da shi babban mabuɗi.
2. A saka gurbi mai wannan suna a teburin Rasit, nau'in Number, girman Long Integer.
3. A shiga Database Tools, a danna Relationships, a ja gurbin daga uwa zuwa ɗa.
4. A zaɓi Enforce Referential Integrity. Alamar 1 da ∞ za ta bayyana a kan layin.
5. A maimaita tsakanin Rasit da KayanRasit.

Daga nan Access ba zai karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwastoman da babu shi a teburin Kwastoma ba. Idan kuma aka zaɓi gurabe daga teburan biyu a Form Wizard, zai gina fom mai kwastoma a sama, rasit ɗinsa a ƙasa.

Inda ake yin asara shi ne akwatin Cascade Delete Related Records. Idan an kunna shi a duk matakan, goge kwastoma ɗaya zai tafi da rasit ɗinsa da kayan da ke ciki, kuma ba a iya dawo da su sai in akwai kwafin ajiya. A harkar bashi gara a bar shi a kashe, a ƙara gurbin Yes/No da zai nuna wanda ya daina ciniki, bayanansa na nan a ajiye.