Darasi na 12: Hunturu a Kafanchan da Kewayenta

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu: damina, kaka, rani da bazara. A farkon rani ne hunturu yake zuwa, wato lokacin sanyi da iska da ƙura. A wannan darasi za ku karanta yadda mutanen kudancin Jihar Kaduna suke jiran hunturu, da yadda suke fama da shi, da abin da suke tunawa game da shi. Ku karanta a hankali, ku lura da kalmomin “yakan”, “takan”, “sukan” da “akan”.

Jiran hunturu

A Kafanchan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa, damina takan daɗe fiye da ta Kano ko Katsina. Ruwa yakan fara a watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen ƙarshen Oktoba. Da zarar ya ɗauke, sai mutane su zuba ido. Alamun hunturu ba ɓoyayyu ba ne. Iska takan juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Ciyawa ta bushe, leɓe ya fara tsagewa. Wata safiya kuma, a watan Nuwamba ko Disamba, sai ku duba wajen Dutsen Kagoro ku ga hazo ya lulluɓe shi. To, baƙo ya sauka. A cikin wannan sanyi ake Kirsimeti, a cikinsa kuma mutanen Kagoro suke bikin Afan ranar 1 ga Janairu.

Babu wanda ya kai manomin citta ɗokin zuwan hunturu. A ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko, citta ita ce babbar dukiyar manomi. Bayan an tono ta, akan tsaga ta biyu, a shanya ta a fili ko a kan duwatsu. Busasshiyar iskar hunturu ce take busar da ita, ta yi haske, ta yi ƙamshi. Idan hunturu ya makara, iska ta zauna da laima, citta takan yi fumfuna, ta yi baƙi, farashinta ya faɗi a kasuwa. A gidaje da yawa, daga kuɗin nan ake biyan kuɗin makarantar yara.

Daga ina ƙurar take?

Ƙurar da kuke gogewa daga kan teburinku ta sha doguwar tafiya. Mafi yawanta daga hamadar Sahara take. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari mai faɗi da ake kira Bodele. A zamanin da, ƙasan wani babban tafki ne. Ruwan ya ƙafe, ya bar farin turɓaya mai laushi kamar gari. Iska takan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi, ta kwashi garin nan, ta yi sama da shi. Wani ya sauka a gonakinmu ya ƙara musu taki, wani kuma ya haye Tekun Atilantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka.

Shara da kiyaye kai

A hunturu shara ba ta ƙarewa. Ku share ɗaki da safe, kafin yamma ƙura ta koma. Mai dabara yakan yayyafa ruwa kafin ya sa tsintsiya, don kada ƙura ta tashi ya shaƙe ta. Akan goge kujeru da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe abinci da randa. Uwaye sukan shafa wa yara man kaɗanya saboda kaushi da faso, su sa musu rigar sanyi saboda mura da tari. Direbobi kuma sukan kunna fitila ko da rana, domin hazo yana hana ganin nesa.

Babban haɗari shi ne gobara. Kome ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Ɗan tartsatsi ɗaya daga ƙunar daji ya isa ya cinye rumbun dawa da acca na shekara guda. Saboda haka manomi yakan share ciyawar da ke kewaye da rumbunsa tun da wuri. Hausawa suna cewa, “In ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.” Haka kuma, kada ku kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi, marar wari, wadda take kashe mutum a cikin barci.

Su dusa, mu ƙura

Kun san ƙanƙara, wadda takan faɗo tare da ruwan damina kamar tsakuwa. Dusar ƙanƙara daban ce. Fara ce, mai laushi kamar auduga. Takan sauka ne inda sanyi ya kai digiri 0 ko kusa da haka, wato matakin da ruwa yake daskarewa. Ba ta sauka a ƙasarmu, amma a Ingila da Rasha da Kanada, watannin da muke hunturu su ne watannin dusa. Yaransu sukan jira ta da murna. Manya kuwa sukan tanadi shebur don kwashe ta daga ƙofar gida. Hukuma takan fito da manyan motoci masu ture ta daga kan titi, a barbaɗa gishiri, domin gishiri yana narkar da ƙanƙara. Abin da ke sauka ya bambanta, amma aikin ɗaya ne: a jira, a shirya, a share.

Shekarun da ba a mantawa

A Ingila har yau tsofaffi suna ba da labarin sanyin da aka fara a ƙarshen Disamba na 1962, bai saki ba sai farkon Maris na 1963. Koguna suka daskare, hanyoyi suka toshe. Mu ma muna da namu tarihin. A shekarun fari na 1973 da 1984, ƙasashen bakin hamada sun bushe ƙwarai, ƙurar da iska take kwasowa ta ƙaru. A ranin 1996, annobar sanƙarau ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar ta sami hanyar shiga jiki. A watan Maris na 2010 kuma, bayan an ɗauka hunturu ya wuce, sai hazo ya dawo ya rufe ƙasa har Legas, aka soke tashin jiragen sama da dama.

Idan kakanninku suka fara irin wannan labari a bakin wuta, ku kasa kunne. Ba hira kawai suke yi ba, gargaɗi suke yi muku. Hunturu ba ya zuwa ba zato. Wanda ya yi allurar rigakafi, ya share bayan rumbu, ya tanadi wurin shanya, shi ne zai ci moriyarsa. Wanda ya yi sakaci kuwa, shi ake nufi da aka ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Sababbin kalmomi

hazo: ƙura mai laushi da take cika sararin sama, ta hana ganin nesa
laima: danshi a cikin iska ko ƙasa
fumfuna: abin da yake tsirowa a kan abinci mai danshi ya lalata shi
turɓaya: ƙasa mai laushi kamar gari
faso: tsagewar fatar diddige
tartsatsi: ɗan ƙaramin ɓurɓushin wuta da yake tashi sama
sanƙarau: cutar da take sa zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya

Nahawu: Lokaci sabau

Ana amfani da “kan” don nuna aikin da aka saba yi: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan.
Misali: Manomi yakan shanya citta. Iska takan kaɗa da safe.
Korewa: Manomi ba yakan shanya citta da damina ba.

Ku cike gurbi da kalmar da ta dace:
1. Yara ______ ji ɗumi da safe.
2. Ladi ______ yayyafa ruwa kafin shara.
3. Ni ______ shafa mai bayan wanka.
4. Mu ______ rufe randa saboda ƙura.

Tambayoyi

1. Ku kawo alamu uku na zuwan hunturu.
2. Me ya sa manomin citta yake ɗokin hunturu?
3. A wace ƙasa kwarin Bodele yake?
4. Mene ne bambancin ƙanƙara da dusar ƙanƙara?
5. Don me ake barbaɗa gishiri a kan titi a ƙasashen sanyi?
6. Ku bayyana ma’anar karin magana biyu da suka zo a cikin darasin.

Aikin gida

Ku tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku labarin hunturu mafi tsanani da suka gani. Ku rubuta shi da Hausa cikin jimla goma. Ku kawo sunan hunturu da na hazo a harshenku na gida, ko Tyap ne, ko Jju, ko Hyam, ko wani, don ku koya wa ’yan ajinku.