Filin Shawarwari: Haƙƙin Baƙon Ma'aikaci a Malesiya

Tambaya

Mai wannan wasiƙa magidanci ne a Kano, yana kuma neman a fayyace masa matsayin ƙaninsa a gaban dokar ƙwadago ta ƙasar Malesiya, inda yaron ya kammala jami'a, ya samu aiki a wani kamfani a Kuala Lumpur, shekara uku ke nan, a kan albashin ringgit 3,900 a wata. Yana aikin awa 54 a mako ba tare da an biya shi ko sisin kwabo na ƙarin lokaci ba, fasfonsa na hannun kamfanin da sunan ajiya, sannan tun ƙarshen 2025 aka fara zaftare masa wani abu daga albashi ba tare da bayani ba. Da ya yi magana sai aka ce masa dokar ta 'yan ƙasa ce. Shin haka ne, kuma ya dace ya ajiye aikin ya dawo gida?

Amsa

Maganar da aka faɗa wa ƙanin Malam ba ta da tushe, domin Dokar Ɗaukar Aiki ta 1955, wadda ke aiki a yankin Malesiya da Kuala Lumpur take ciki (jihohin Sabah da Sarawak suna da nasu dokokin daban), ta shafi duk wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyar aiki, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Gyaran da aka yi mata, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, ya rage lokacin aiki daga awa 48 zuwa 45 a mako, ya kuma shimfiɗa kariyarta a kan kowane ma'aikaci komai yawan albashinsa, in ban da wasu haƙƙoƙi, irin su kuɗin ƙarin lokaci da kuɗin sallama, da aka keɓe wa masu ɗaukar ringgit 4,000 ko ƙasa da haka da masu aikin ƙarfi. Albashin yaron yana ƙasa da wannan iyaka, saboda haka yana bin kamfanin bashi.

Yana da kyau a ga girman bashin a lissafe. Doka ta ce a raba albashin wata gida 26 don a samu ladan yini, wanda a nan ya zama ringgit 150, kuma idan awa takwas ce aikinsa na yini, kowace awa ta tashi a ringgit 18.75. Awar da ta haura lokacin aiki ana biyan ta ninki ɗaya da rabi, wato kimanin ringgit 28, don haka awa tara da yake ƙarawa sun haura ringgit 250 a kowane mako. Kuɗin da ya kai haka, yana taruwa mako bayan mako, gumin yaron ne, kuma babu dalilin barin shi ga wanda bai wahala ba. Ban da wannan, mai shekara biyu zuwa biyar a wurin aiki yana da hutun shekara na kwana 12 da hutun rashin lafiya na kwana 18, duka da albashinsu, da ranakun hutun ƙasa 11, kuma wajibi ne a biya shi albashinsa kafin kwana bakwai su wuce da ƙarewar wata.

Batun fasfo ya fi na kuɗi nauyi. Dokar Fasfo ta 1966 ta hana riƙe fasfon wani ba tare da izinin hukuma ba, kuma gyaran nan na Dokar Ɗaukar Aiki ya shigar da laifin aikin tilas, wato a sa mutum aiki ta hanyar barazana ko yaudara tare da hana shi barin wurin, hukuncinsa tarar da za ta iya kai ringgit 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Wanda ba ya iya ɗaukar fasfonsa a duk lokacin da ya ga dama, an riga an ɗaure masa ƙafa ko da da murmushi aka karɓa.

Zaftarewar da ya gani kuwa, alamu sun nuna halastacciya ce. Daga albashin Oktoban 2025 aka wajabta wa baƙin ma'aikata zuba kashi 2 cikin ɗari a asusun ajiyar ma'aikata da ake kira KWSP, shi ma kamfani ya zuba kashi 2, kuma kuɗin na ma'aikacin ne, yana iya cire su idan zai bar ƙasar gaba ɗaya. A albashinsa kason nasa ringgit 78 ne. Abin da ya kamata ya tabbatar shi ne kuɗin suna shiga asusun da sunansa, kuma an yi masa rajista da PERKESO, hukumar da ke biyan diyyar rauni a wurin aiki, wadda ta haɗa da baƙi tun 2019.

Game da ajiye aiki, shawarar wannan fili ita ce kada ya yi gaggawa. Izinin zamansa a ƙasar ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauke shi, don haka ficewa ba tare da sanarwa ba tana iya jefa shi cikin rikici da hukumar shige da fice, ta kuma sa a bi shi kuɗin wa'adin sanarwa, wanda ga mai shekarunsa mako shida ne idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Ya fara tattara takardar yarjejeniya da takardun albashi da shaidar lokacin shigarsa da fitarsa, ya nemi fasfonsa a rubuce, sannan ya kai ƙara Sashen Ƙwadago, inda ake sauraron da'awar albashi. Idan aka kore shi saboda ya nemi haƙƙinsa, Dokar Dangantakar Masana'antu ta 1967 ta ba shi kwana 60 kacal ya shigar da ƙorafin kora ba bisa ƙa'ida ba.

Ana roƙon Malam da sauran dangi su sassauta wa yaron matsin aiko da kuɗi a wannan tsakani, domin sau da yawa nauyin gida ne ke rufe bakin wanda ake zalunta a ƙasar waje. A ƙarfafa masa gwiwa ya fara tara takardunsa tun yau. Allah Ya ƙwato masa haƙƙinsa.