Amsoshin Tambayoyinku: Yarinyar da ta tsallake teku da iyo

Wata mai sauraronmu daga Damagaram tana tambaya: wai da gaske ne wata yarinya 'yar gudun hijira ta ceci mutanen kwalekwale da iyo?

To Malama, gaskiya ne, sai dai ba ita kaɗai ta yi ba. Sunanta Yusra Mardini, 'yar Siriya. A 2015, tana shekara 17, ita da yayarta Sara suka guje wa yaƙi, suka bi ta Labanon zuwa Turkiyya. Daga nan suka hau kwalekwalen roba, mutum 20 a cunkushe, za su tsibirin Lesbos na Girka. Ana tsakiyar teku inji ya mutu. Su biyun da wasu maza biyu suka faɗa ruwa, suka riƙe igiyar kwalekwalen fiye da awa uku, har aka kai gaɓa.

Iyon kuwa a gida suka koya, mahaifinsu ne kocinsu tun suna ƙanana. Akan manta da Sara, alhali tare suka sha wuyar.

Yusra ta ci gaba da atisaye a Berlin, kuma a 2016 ta fafata a gasar Olamfik ta Rio, cikin tawagar 'yan gudun hijira ta farko. Da fatan kin gamsu, Malama.