Rabo da rabuwa

'Ya'yana, a tsakiyar birnin Istanbul akwai wani dandali da ake kira Taksim. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan ginin dutse da aka yi wajen 1732, zamanin Sarki Mahmud na Ɗaya. A nan ruwan da aka jawo daga dazuzzukan arewacin birnin yake taruwa, sannan a rarraba shi unguwa-unguwa, kowa ya sha. Kalmar Larabci ce, daga "ƙasama", wato ya raba. Nan ne ma tushen sunan Ƙasimu, mai rabawa.

Kalmar ta yi tafiya mai nisa. Turkawa suna cewa "kismet", masu jin Urdu da Hindi suna cewa "ƙismat", Waswahili kuma "kismati", duk suna nufin abin da aka ƙaddara wa mutum. Mu ma, ba tare da mun ara ba, "rabo" ɗinmu haka yake: kason da aka miƙa maka, da kuma abin da Allah ya rubuta maka. Shi ya sa muke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Sai dai wannan kalma ta taksim ita ce taken masu neman a tsaga tsibirin Kubrus a shekarun 1950, kuma tun 1974 tsibirin yake a rabe. Da ita masu jin Urdu suke kiran tsagar Indiya da Pakistan ta 1947, wadda ta raba miliyoyin mutane da gidajen kakanninsu. Abin yana taɓa ni ƙwarai.

Ku ma ranar rabonku tana tafe: gadon gida, gonar mahaifi, ko ribar shagon haɗin gwiwa. Aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta ambaci "ƙisma" da sunanta, ta umarci a ba dangi da marayu da miskinan da suka halarci rabon wani abu, a kuma gaya musu magana mai daɗi. Kada ku yi gaggawa, kada kuma ku ja shekaru har zargi ya shiga. Ku kira malamin da ya san fara'ili. Ku zaunar da 'yan'uwanku mata su ji lissafin da kunnensu, ko da aure ya kai su wani gari. In gidan ba zai tsagu ba, a yi masa kuɗi a gaban shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu, har da 'yan ɗakin amarya.