Darasi Daga Rabuwar Ƙasar Pakistan

 

A cikin tarihin Musulmi na wannan zamani da wuya a sami abin da ya kai labarin Pakistan koyar da darasi, domin ƙasa ce da aka kafa da sunan Musulunci, amma ba ta cika shekara 25 ba ta tsage gida biyu, Musulmi suka zubar da jinin Musulmi.

A ranar 14 ga Agusta 1947, sa'ad da Turawan Ingila suka bar Indiya, aka yanke wa Musulmi ƙasa tasu a ƙarƙashin jagorancin Muhammad Ali Jinnah. Ƙasar kuwa sashe biyu ce, na Yamma da na Gabas, kuma tsakaninsu akwai ƙasar Indiya, tazarar kimanin mil 1,000. Mutanen Gabas Bangalawa ne, harshensu daban, abincinsu daban, kuma su ne suka fi rabin jama'ar ƙasar yawa. Babu abin da ya haɗa sassan nan biyu sai kalmar shahada, kuma a wancan lokaci ana ganin ta isa.

To, ɓaraka ta fara ne daga harshe. A watan Maris 1948 Jinnah ya je Dakka, babban birnin Gabas, ya shaida wa jama'a cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen gwamnati. Waɗansu manya na Yamma suna ganin Urdu shi ne harshen Musulunci saboda da haruffan Larabci ake rubuta shi, Bangalanci kuwa suna yi masa kallon harshen Hindu, alhali miliyoyin masu salla da shi suke magana. A ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a Dakka, suka kashe waɗansu daga cikinsu. Sai a tsarin mulkin 1956 aka daidaita harsunan biyu, amma tabon bai goge ba.

Bayan harshe sai dukiya da mulki. Ramar da ake saƙa buhu da ita, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen samo wa ƙasar kuɗin waje, a Gabas ake nomanta, amma yawancin ayyukan raya ƙasa a Yamma aka yi su. Hedkwatar ƙasa tana Yamma, daga Karaci zuwa Rawalpindi zuwa Islamabad, haka kuma mafi yawan hafsoshin soja da manyan ma'aikata. Da soja suka karɓi mulki a 1958, sai muryar Gabas ta ƙara dushewa. A Nuwamba 1970 wata gawurtacciyar guguwa ta taso daga teku ta halaka mutum kimanin 300,000 ko fiye a Gabas, jama'a kuwa suka ga gwamnati ta yi nawa wajen kai gudunmawa.

A watan Disamba na wannan shekara aka yi babban zaɓe. Jam'iyyar Awami ta Sheikh Mujibur Rahman ta ci kujeru 167 daga cikin 313, watau ta sami rinjayen kafa gwamnati. Amma Zulfikar Ali Bhutto, wanda jam'iyyarsa ta fi ƙarfi a Yamma, ya ƙi yarda a zauna majalisa sai an daidaita da shi, shugaban ƙasa Janar Yahya Khan kuma ya ɗage zaman. A daren 25 ga Maris 1971 soja suka far wa Dakka, aka kama Mujib, yaƙi ya ɓarke.

Wata tara aka yi ana ɓarna. An ƙona garuruwa, an keta mutuncin mata, an kashe malaman jami'a da ɗalibai, Hindu mazauna Gabas kuma suka sha azaba mai tsanani. Su ma masu jin Urdu da ke zaune a can, waɗanda ake kira Bihari, ba su tsira daga ramuwar gayya ba. Mutum wajen miliyan 10 suka gudu Indiya. Adadin waɗanda suka mutu ana sabani a kansa: hukumomin Bangaladash sun ce miliyan 3, waɗansu masu bincike kuwa suka ce dubu ɗaruruwa ne. A farkon Disamba Indiya ta shiga yaƙin, kuma a ranar 16 ga wata rundunar Pakistan ta miƙa wuya a Dakka, aka kama fursunoni kimanin 90,000. Ta haka aka haifi ƙasar Bangaladash.

Waɗansu sukan ce wannan ya nuna addini ba ya iya riƙe ƙasa. Amma mai lura zai ga cewa abin da addinin ya yi umurni da shi ne aka bari. Alƙur'ani mai girma, a Suratur Rum, ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, saboda haka raina harshen wani Musulmi ba shi da tushe a shari'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bayyana a hajjinsa na ban kwana cewa Balarabe bai fi Ba'ajame ba sai da tsoron Allah. A Suratul Hujurat kuma, inda aka kira muminai 'yan'uwa, a nan ne aka yi umurni da a sulhunta ɓangarori biyu masu faɗa bisa adalci. Ke nan 'yan'uwantaka da adalci tare aka saukar da su, wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya kuwa, duka biyun za su kuɓuce masa. Zaɓe ma alkawari ne, kuma cika alkawari wajibi ne ko da sakamakon bai yi wa mai mulki daɗi ba.

Sulhu ya zo daga baya. A Fabrairu 1974, lokacin taron shugabannin ƙasashen Musulmi a birnin Lahor, bayan shiga tsakani da waɗansu ƙasashen suka yi, Pakistan ta amince da Bangaladash, Mujib ya halarci taron, Bhutto ya tarye shi. Da an yi wannan zama shekara uku kafin nan, da an tsirar da rayuka masu yawa.

Wannan darasi ya shafi kowace al'ummar Musulmi da ta haɗa ƙabilu da harsuna, tun daga ƙasa har zuwa kwamitin masallacin unguwa. Duk inda sashe ɗaya ya tattare muƙamai da dukiya, sa'an nan ya riƙa ce wa sauran su yi haƙuri domin haɗin kan Musulmi, to, ya kama hanyar da shugabannin Pakistan suka bi.

Allah ya ba shugabannin Musulmi ikon yin adalci, ya haɗa zukatan bayinsa a kan gaskiya, amin.